Gwajin SAFER: minti goma sun isa a san halin karen da aka tsinto a titi?

Wanda ya shiga gidan ajiye karnuka a Amurka da niyyar ɗaukar kare riƙo, kafin ya haɗa ido da karen zai fara cin karo da kati maƙale a ƙofar keji. Suna, kimanin shekaru, nauyi, ranar da aka kawo shi, sannan layi biyu ko uku kan halinsa: yana son mutane, ba ya ga maciji da karnuka maza, kada a kai shi gidan da ke da ƙananan yara. Layukan nan ne ke sa a tsaya gaban keji ko a yi gaba. A gidajen da suka cika maƙil, su ne ma wani lokaci ke raba wanda zai fita da sabon ubangiji da wanda za a yi wa allurar kashewa. A wurare da yawa kuwa, tushen layukan gwajin halin kare ne mai suna SAFER, ko wani ɗan'uwansa da aka gina a kan salonsa.

Dakta Emily Weiss, masaniyar halayyar dabbobi, ita ta tsara shi. Ƙungiyar ASPCA mai yaƙi da zaluntar dabbobi, wadda Henry Bergh ya kafa a New York a 1866, ta ɗauke shi ta yaɗa a faɗin ƙasar, tana horar da ma'aikata tana ba su takardar shaidar ƙwarewa. A 2015 ta daina ba da takardar. Gwajin dai bai mutu ba, don takardunsa na nan a hannun mutane, kuma waɗanda suka koye shi suna ci gaba da koya wa na bayansu.

Ra'ayinmu a kansa ba ɓoyayye ba ne. Yana koya wa ma'aikaci yadda ake kallon kare, yana kuma kama wanda haɗarinsa ya fito fili. Amma idan ana so ya faɗi yadda kare zai zauna a gidan mutum nan da wata uku, ya gaza, kuma gazawar ta fi yawa a kan karen titi, wanda ya iso da yunwa da ciwo da firgici, ba kuma mai labarin inda ya fito.

Yadda ake yin sa

Kayan ba su da tsada. Ɗaki mai shiru, kimanin ƙafa 10 kowane gefe, kujera marar hannu, igiya mai tsawon ƙafa 6, kwano, busasshen abinci da aka cakuɗa da na gwangwani, kayan wasa, kyamara, sai hannun roba da aka kafa a kan sanda, wanda ake kira Assess-a-Hand, ƙirƙirar Sue Sternberg. Mutum biyu ke yi, ɗaya na taɓa karen, ɗaya na lura yana rubutawa. An yi shi don kare mai wata 6 zuwa sama, kwikwiyo ba ya ciki. Matakai 7 ne, kowanne da maki 1 zuwa 5, kuma a nan ƙaramin maki shi ne mai kyau. 1 da 2 na nufin babu abin damuwa, 3 a sa ido, 4 da 5 kuwa sai an yi aiki a kan halin kafin a yi maganar riƙo. Da zarar kare ya ƙame, ya yi gurnani ko ya kai cizo, dakatawa ake yi.

Matakin farko kallo ne. Mai gwaji zai zauna, ya tallabe haɓar karen da hannu biyu a hankali, ya dube shi da sassanyan ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a kare har da kunne da wutsiya da kafaɗa ake tambaya. Wanda ya kawar da ido, kunnuwa a kwance, jiki a sake, wutsiya na kaɗawa ƙasa-ƙasa, ya ci 1. Haka wanda ya matso zai lashi fuskar mai gwajin, abin da a gidajenmu ba lallai a lissafa shi cikin kyawawan halaye ba. Wanda ya kafe mutum da ido, kunnuwa a miƙe gaba, baki a rufe gam, jiki ya sandare, shi ake tsoro.

Na biyu, a damƙi fata da gashi a gefen gadon baya ana murzawa kamar mai tausa, daga wuya zuwa ƙugu a dawo. Na uku wasa ne: mai gwaji ya miƙe, ya sa murya ta zolaya, ya dungure shi da yatsa a ƙugu ya ja da baya, a ga ko zai durƙusar da ƙafafun gaba ya ɗaga baya sama alamar ya shiga wasan, ko zai firgita, ko kuma zai hau mutum da ƙarfi ya kasa saukowa. Na huɗu, a shafo ƙafar gaba zuwa ƙasa, a ɗaga tafin a matsa tsakanin yatsu kaɗan, sannan a maimaita. Maimaitawar ce ke da muhimmanci, domin a karo na biyu karen ya riga ya san abin da ke zuwa. Na biyar abinci, na shida abin wasa, duka da hannun roba. Na bakwai a shigo da shi inda wani kare mai natsuwa yake, jinsinsu ɗaya, girma kusan ɗaya, a dubi daƙiƙun farko na yadda zai tunkare shi.

Abin yabo a nan a fili yake. Kafin irin wannan tsari, hukuncin kare na rataye ne a kan ra'ayin wanda ke bakin aiki ranar. Wani na tsoron baƙin kare, wani na ƙin mai faɗin kai, wani ya gaji yana son tashi. SAFER ya tilasta a rubuta abin da ido ya gani maimakon abin da zuciya ta raya: farin ido ya bayyana, ya lashi leɓe sau uku, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya tsaya cak na daƙiƙa biyu kafin ya juyo. Ma'aikacin da ya yi wata shida yana cika takardar nan, idonsa na buɗewa, kuma hakan na taimaka masa kauce wa cizo a wajen share keji. Ɗaukar hoton bidiyo ma dabara ce mai kyau, don sau da yawa idan aka sake kallo sai a ga mai gwajin ne ya sunkuyo kan karen ko ya ɗaure igiya tamau, karen kuma martani kawai ya mayar.

Wane kare ake gwadawa?

Matsalar farko lokaci ne. Karen da aka kama da sandar maƙogwaro, aka jefa a mota, aka sauke shi cikin haushin karnuka hamsin da warin maganin wanke ƙasa, ba shi ne karen da ke yawo jiya ba, ba kuma shi ne wanda zai kwanta a ƙofar ɗakinka wata mai zuwa ba. Binciken Michael Hennessy da abokan aikinsa na 1997 a wani gidan karnuka a jihar Ohio ya nuna sinadarin kotizol, wanda jiki ke saki lokacin tashin hankali, ya fi yawa a jinin karnuka a kwana 3 na farko, sannan ya riƙa sauka. Ga shi kuma a wurare da yawa a Amurka kwanakin da doka ta ce a jira mai kare ya zo nema daga 3 ne zuwa 7. A Ingila kwana 7 ne. Gidan da ke neman keji ga na bayansa zai so ya gama gwaji kafin wa'adin ya cika, wato daidai lokacin da karen ya fi rikicewa. Tsoro kuwa fuska biyu gare shi. Yana sa kare mai sanyin hali ya kai cizo, yana kuma sa mai zafin hali ya yi laƙwas kamar ruwa ya ci shi, ya ci maki 1 da 2 tun daga sama har ƙasa, sai ya sake a gida sannan ainihinsa ya fito.

Matsala ta biyu ita ce ta fi ba mu haushi, domin tana da magani amma ana tsallake ta. Matakai 7 ɗin nan, huɗu taɓa jiki ne, kuma kowanne na sauka a kan wurin da karen titi ya fi yawan ciwo. Tallabe haɓa na taɓa karyayyen haƙori da kumburin dasashi, hannu kuma na gogar gindin kunnen da ke ɗoyi saboda ciwo. Murza fatar baya azaba ce ga mai ƙazwa, ko mai ƙaiƙayin ƙuma, ko wanda cizon wani kare ya yi masa ƙurji a ƙarƙashin gashi. Dungurar ƙugu na samun tsohon kare mai ciwon gaɓɓai ko wanda mota ta taɓa bugewa. Matsa tafin ƙafa kuwa, kare da ya yi makonni yana taka kwalta mai zafi da fasassun kwalabe, tafin a tsage, farce a karye, me ake jira ya yi? Zai janye, in an maimaita ya juyo da baki. Sai a rubuta 4. A ba shi maganin kashe zafi da na kunne na mako guda a sake gwadawa, ba mamaki a samu 2.

Saboda haka takardar hali ba ta da ma'ana sai an ɗora ta a kan takardar likita, kuma mai niyyar riƙo ya fara neman ta likitan. Abin da ya kamata ya gani a ciki ba shi da wuyar ganewa. Ranar shigowa an auna nauyi da zafin jiki, wanda a kare lafiyayye yake tsakanin digiri 38.3 zuwa 39.2. An ba da makin ƙiba a ma'aunin 1 zuwa 9, inda 4 da 5 ne daidai. An bi jikinsa da na'urar karanta ƙwayar lamba, 'yar abar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata tsakanin allunan kafaɗa don a gano mai karen. A nan ana yawan kuskure: ƙwayar kan zame ta gangara kafaɗa ko ƙirji, kuma a Amurka akwai tsofaffin ƙwayoyi da ba kowace na'ura ke karanta su ba. Wanda ya shafa na'urar sau ɗaya a wuya ya ce babu, yana iya ba da karen wani riƙo alhali mai shi na can yana cigiya.

Riga-kafi a ranar shigowa ake yi, ba ranar fita ba. Allurar haɗaka ta cututtukan karnuka masu yaɗuwa, wato distemfa da farbo da ciwon hanta da farainfuluwenza, a ƙarƙashin fata, da ɗigon hanci na tarin keji, sannan a maimaita allurar bayan mako 2 zuwa 3. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu ya isa kare marar kariya ya kwashi cuta daga maƙwabcinsa. Allurar ciwon hauka kuwa daga wata 3 ake yi, gidaje da yawa suna haɗa ta da ranar tiyata ko ranar fita. Maganin tsutsar ciki ma tun ranar farko, firantel a maimaita bayan mako 2, ko fenbendazol miligiram 50 a kowane kilo na kwana 3 a jere, tare da maganin kaska da ƙuma.

Sai dai riga-kafi ba ya korar cutar da ta riga ta shiga. Farbo kan ɗauki kwana 3 zuwa 7 kafin ya bayyana, wani lokaci har 14, ya zo da amai da zawo mai jini da wari na daban. Ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa watanni, kuma ba kowane maganin shara ke kashe ta ba, sai irin bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 32, a kan wurin da aka riga aka wanke, a bar shi minti 10. Tarin keji kan fito cikin kwana 2 zuwa 10, tari busasshe kamar ƙashi ya maƙale a wuya, yawanci kuma yana wucewa. Distemfa ita ce munafukar. Takan fara da majina da kwantsa kamar tarin keji, a yi zaton an warke, bayan makonni sai a ga tsoka na harbawa ita kaɗai ko farfaɗiya ta kama shi. Karen da ya yi kwana 5 kacal a gidan ajiya, ko da idonsa garau, ba a gama sanin lafiyarsa ba. Gida mai gaskiya zai faɗa maka haka, ya ce ka ware shi daga sauran karnukanka na mako 2.

Tsutsar zuciya ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ke mayar da kare mai araha mai tsada. Sauro ke yaɗa ta, ta fi kamari a kudu maso gabashin Amurka, jihohi irin su Mississippi da Louisiana, kuma daga kudun ake kwasar karnuka da yawa a motoci zuwa gidajen arewa inda masu riƙo suka fi yawa. Gwajin jinin da aka fi sani shi ne SNAP 4Dx Plus na kamfanin IDEXX: ɗigo 3 na jini, ɗigo 4 na ruwan gwaji, a karanta bayan minti 8. Yana duba tsutsar zuciya da cututtukan kaska uku. Amma tsutsar sai ta yi wata 6 zuwa 7 a jiki kafin gwajin ya gan ta, don haka sakamakon babu a ranar shigowa na nufin babu wadda ta balaga ne kawai. Dole a sake bayan wata 6. Idan kuma akwai, maganin doguwar tafiya ce: doksisaiklin miligiram 10 a kowane kilo, safe da yamma, kwana 28, allurar melarsomin mai kashe tsutsar a tsokar baya rana ta 60, sai biyu a jere rana ta 90 da 91. Duk tsawon lokacin da makonni bayansa ba gudu ba tsalle, saboda gutsattsarin matattun tsutsotsi kan toshe jijiyoyin huhu idan zuciya ta buga da ƙarfi. Irin wannan kare a ɗakin gwaji zai zama mai natsuwa, ba ya ɗokin wasa, sai a rubuta masa "ya dace da dattawa". Bayan ya warke ya samu numfashi, dattijon da ya ɗauke shi ne zai ba da labari.

Hannun roba

Matakin abinci ne ya fi kowanne jawo wa SAFER suka, kuma da dalili. A ajiye wa kare kwano, ya fara ci, sai a miƙo hannun roba a ja kwanon, sannan a tura kumatunsa a kawar da kansa daga abincin. Wanda ya ɗaga kai ya bari, ko ya bi kwanon jiki a sake, ya tsira. Wanda ya ƙame a kan kwanon, ya ɗage leɓe ya nuna fiƙa, ko ya cafki robar, ya shiga jerin masu rowar abinci, kuma shekaru da dama wannan tambarin kaɗai ya isa a hana shi fita da rai.

Yanzu a dubi wanda ake yi wa haka. Kare ne da awazunsa ke a waje, makin ƙibarsa 2, wanda ya rayu da ƙwace a juji. Kuma likita bai yarda a cika masa ciki ba, domin wanda ya daɗe da yunwa idan aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadaran fosfaras da fotasiyam da maganiziyam na jininsa kan faɗi ƙasa, zuciya ta rikice. Kare mai kilo 20 na buƙatar kimanin kalori 660 a rana don jiki ya tsaya kawai, kuma ana farawa ne da kamar kashi ɗaya cikin uku na wannan, a raba sau 4 zuwa 6, a riƙa ƙarawa cikin kwanaki. Wato da yunwarsa yake shiga ɗakin gwajin, a ba shi naman gwangwani mai ƙamshi, sannan wani baƙon abu a kan sanda ya zo ƙwacewa. Ba ma tabbas karen na ɗaukar robar a matsayin hannun mutum. Wasu wasa suke yi da ita, wasu tsoronta suke ji.

Alƙaluma sun goyi bayan masu suka. A 2013 Amy Marder da abokan aikinta a Boston sun bi sawun karnuka 97 da aka gwada da hannun roba, a wani tsari mai kama da wannan, aka kuma ba da su riƙo. Cikin 20 da suka nuna rowar abinci a gwaji, 11 ne suka nuna ta a gida. Cikin 77 da suka tsallake, 17 sun nuna ta a gida duk da haka. Kuma akasarin masu riƙon ba su ɗauki abin a matsayin babbar matsala ba. Kafin nan, a 2012, masu binciken ASPCA, har da ita Weiss ɗin, sun bi karnuka masu wannan tambari da aka ba da riƙo tare da 'yan ƙa'idojin ciyarwa, suka tarar kaɗan ne ƙwarai suka ci gaba da halin a gida. Abin a yaba ne mai kaya ta auna kayanta ta faɗi inda ya yi rauni.

A 2016 Gary Patronek da Janis Bradley suka fitar da takardar da ta kwatanta irin waɗannan gwaje-gwaje da jefa kwabo sama, kai ko wutsiya. Hujjarsu lissafi ce da kowa zai iya yi. Mu ƙaddara karnuka 100, 10 daga ciki masu cizo ne da gaske, gwajin kuma na faɗar daidai sau 8 cikin 10. Zai kama 8 daga cikin masu cizon, ya saki 2. Daga cikin 90 marasa laifi kuma zai ɗora wa 18 laifi. An ware karnuka 26 ke nan, 8 ne kacal masu haɗari. Duk lokacin da abin da ake nema ya yi ƙaranci a cikin taro, zargin ƙarya ke rinjaye, ko da gwajin na da kyau. ASPCA da kanta daga baya ta fito da matsayin cewa kada sakamakon gwaji shi kaɗai ya zama dalilin kashe kare, sai in abin da ya yi ya munana ƙwarai, kuma a haɗa bayani daga wurare da yawa.

Akwai kuma abubuwan da SAFER bai ma leƙa ba, alhali su ne ke sa a dawo da kare. Ba ya gwada yara. Ba ya gwada kyanwa ko kaji. Bai san ko karen zai ci ƙofa ya yi ta kuka idan an bar shi shi kaɗai ba, ko yana fitsari a ɗaki, ko tsawa na haukata shi, ko gwanin haura katanga ne, wanda ga karen da aka tsinto a titi tambaya ce ta farko. Matakin kare da kare ma daƙiƙu ne a kan igiya, igiya kuwa na sa karnuka da yawa su yi abin da ba sa yi idan an sake su a fili.

Gidajen da suka san aikinsu yanzu sun mayar da gwajin shafi ɗaya cikin fayil. Sauran shafukan su ne bayanin wanda ya tsinto karen da jami'in da ya kamo shi, abin da likita ya gani lokacin allura da ɗibar jini, rubutun masu share keji da masu fita da shi yawo kullum, yadda yake a filin wasa cikin rukunin karnuka, da kuma wanda ya fi duka nauyi, rahoton riƙon ƙwarya, inda wani ya kai shi gidansa na mako ɗaya ko biyu. Mutumin da kare ya kwana 10 a falonsa ya san abin da minti 10 ba za su nuna ba. Idan kana gaban keji, tambayi rana ta nawa aka yi gwajin, ko an sake shi bayan an yi maganin ciwo, mutum nawa suka yi hulɗa da karen suka rubuta, ko ya taɓa cizon da ya fasa fata, da kuma ko za su karɓe shi idan zama bai yiwu ba. Duba ranar fiɗiya ko cire mahaifa, don ɗinki na son kwana 10 zuwa 14 ba tsalle ba wanka, da mazurarin roba a wuya. Ƙa'idar nan da suke yawan faɗa ta kwana 3, mako 3, wata 3 kafin kare ya saba da gida, kiyasin masu aikin ne, kada a riƙe ta kamar alƙawari. Wanda aka ce yana rowar abinci kuma, a ba shi kwanonsa a wurin da ba mai wucewa, a hana yara zuwa kusa, kada kowa ya sa hannu don gwada shi. In za a matso, a matso da abin da ya fi na kwanon daɗi a jefa masa a wuce.

Mai karatu a Kano ko Damagaram da ya ga bidiyon gwajin a intanet ya yi sha'awar gwada shi a kan karen da ya maƙale a ƙofar gidansa, ya dakata. An gina SAFER ne a Amurka, ƙasar da aka ayyana ta rabu da nau'in ciwon hauka na karnuka tun 2007. A wajenmu ciwon na nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na kiyasin yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare. Tallabe haɓar karen da ba a san tarihinsa ba, fuska kusa da fuska, ganganci ne. Kuma karenmu na gida da bai taɓa shiga ɗaki ko jin igiya a wuya ba zai faɗi gwajin don rashin sabo kawai, mai neman karen gadi kuwa ba son baƙi yake nema ba. Abin da ke aiki a nan shi ne ɓangaren likita: a killace karen inda ba ya haɗuwa da yara da dabbobi, a kira likitan dabbobi ya duba shi ya yi masa allurar hauka, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi ko ta waje, a cire kaska, a duba dasashi ko ya yi fari alamar ƙarancin jini, a duba al'aura ko akwai tsiron nan mai zubar jini da karnukan titi ke ɗauka wajen barbara. Allurar ba ta warkar da karen da ya riga ya kamu, cutar kuma kan yi makonni ko watanni a ɓoye, don haka sa ido ba na mako ɗaya ba ne. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi.